Tarihin Farisa da na karɓa hannu bibbiyu

Ko da tsufa zai goge mini abubuwa da yawa na wannan sana'a, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kwashi manyan mutane biyu cikin manyan riguna, na kai su gidan wani dattijo Ba'iraniye domin su taya ni godiyar kyautar da ba a ba ni ba. Har yau idan abin ya faɗo mini ina tsaye a shago, sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Sana'ata sayar da tsofaffin littattafai. Ban yi boko mai zurfi ba. A Kano na fara, ina shimfiɗa littattafan makaranta na hannu a bakin titi. Da na zo Landan na daɗe ina aikin kwashe kayan gidajen da masu su suka rasu ko suka tashi, kuma a nan na lura cewa abin da magada suke cewa a zubar, wani lokaci ya fi kujerun da suke faɗa a kansu daraja. A hankali na koyi gane takarda da fata da ɗinki, har na buɗe ɗan shagona a Woolwich, a saman shagon wani mai gyaran waya. Abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne littattafan da Turawa suka rubuta tun zamanin da a kan tarihin mutanen Farisa, wato Iran ta yau. Manya-manya ne, masu bangon fatar maraƙi, da taswira mai ninki, da zanen sarakuna masu zara-zaran gashin baki. Ba wata alaƙa ce da ni da ƙasar ba. Na ga littattafan suna tafiya a kasuwa ne, kuma babu cunkoson 'yan kasuwa a wurin, sai na kafa kujerata.

Kwastomomina Iraniyawa suna da yawa, amma ta intanet muka san juna. Su biya, in naɗe, in kai gidan waya. Ban taɓa shan ko ruwa a falon ɗaya daga cikinsu ba. (Ku riƙe wannan a matsayin uzurina, don ba ni da wani.)

Wata rana sai wata mata mai suna Shirin ta bugo mini. Ta ce mahaifinta, Aga Bahram, zai koma ƙaramin gida marar matattakala saboda gwiwa, littattafansa kuma sun fi ƙarfin sabon wurin. Suna neman mutum mai amana da zai duba su, ya kuma ɗauki nauyin sayar da waɗanda za a rabu da su. Duk mai irin sana'ata ya san abin da wannan yake nufi. Ɗakin karatu guda na mutumin da ya yi rayuwarsa yana tarawa, tun kafin manyan gidajen gwanjo su ji ƙamshinsa, ba kullum yake faɗo wa ƙaramin ɗan kasuwa ba. Aiki irin wannan kuwa suna ne kawai yake kawo shi, sunan cewa ba ka cutar tsoho.

Na je gidan a arewacin Landan da rana. Shirin ta buɗe mini, ta gabatar da ni, ta koma wurin aikinta. Aga Bahram tsohon injiniya ne, siriri, sanye da kwat da lakataye a cikin gidansa kamar mai jiran minista. Ya zuba mini shayi a ƙaramin kofin gilashi, da na shanye ya ƙara, da na shanye ya sake ƙarawa. Na fara bin kantoci ina dubawa, yana biye da ni da sandarsa yana ba ni labarin inda ya sayi kowanne. Da Turanci muke magana, amma ni Baba nake ce masa, don bakina ba zai iya kiran sunan mai furfura irin wannan gatsau ba.

A wata 'yar kanta ta daban, kusa da taga, na ga wasu juzu'i biyu. Da na buɗe na farkon sai da na nemi wurin zama. Tarihin Farisa ne na wani Bature, bugun farko, ya haura shekara ɗari biyu. Zane-zanensa duk suna nan, ba wanda aka yanke. Taswirar ta buɗu ba yaga ko kaɗan a kan ninkin, abin da ban taɓa gani ba, don yawanci nan ne yatsun jikoki suke fara ɓarna. Dattijon ya ce mini wannan ba na sayarwa ba ne. Na mahaifinsa ne, ya saye shi yana ɗalibi a Turai, shi kuma ya fito da shi daga Tehran a naɗe cikin zannuwan matarsa, Allah ya jiƙanta.

Dokar farko a sana'armu ita ce kada ka nuna abu ya burge ka. Amma tunda ba na sayarwa ba ne, sai na saki bakina. Na ce masa, “Baba, duk shekarun da na yi ina wannan sana'a, ban taɓa riƙe mai kyan wannan ba.”

Ya ɗora hannu a ƙirji, ya ɗan sunkuyar da kai, ya ce, “Ai bai kai darajarka ba. Naka ne. Ɗauka.”

Don Allah kada ku ce ban yi kara ba. Na ce haba Baba, ai wannan ya yi yawa. Ya sake cewa ba komai ba ne, nawa ne. To a nan tarbiyya ta taso mini. Mu a gidanmu, idan babba ya miƙo maka abu har sau biyu ka noƙe, ka gaya masa ke nan cewa ka fi ƙarfin abinsa. Ina yaro mahaifiyata ta taɓa murɗe mini kunne saboda wata tsohuwar maƙwabciya ta ba ni gyaɗa na ce na ƙoshi. Saboda haka na rusuna, na sa hannu bibbiyu na karɓa, na shiga jero addu'a: Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma, Allah ya jiƙan mahaifa. Har waige-waige na yi ina neman wanda zan ba tukwici, ba kowa a gidan sai kyanwa.

Na lura murmushinsa ya tsaya wuri guda kamar na hoto, idonsa kuma ya bi littafin har cikin jakata. Na ɗauka tausayi ne na mai rabuwa da abin da yake so saboda Allah, sai ya ƙara girma a idona. Shi da kansa ya kawo mini tsumma mai laushi na naɗe juzu'in biyu. Ya raka ni har ƙofa, ya ce gidansa gidana ne.

A jirgin ƙasa na rungume jakar kamar mai ɗauke da jariri. Da na isa gida na baje wa matata Hajara labari. Ta dubi littafin, ta dube ni, ta tambaye ni ko na tabbata, wai mutumin da ya san ni yau da rana zai ba ni gadon ubansa. Na ce mata haka manyan mutane suke, ita ce dai zaman Landan ya sa ta manta. (Na faɗi wannan da gadara sosai, kuma tana tuna mini lokaci-lokaci.) Da ta ga na kafe, sai ta ce to in haka ne, kyauta irin wannan ba a godiyarta ta waya. Dole in ɗauki manya su je su taya ni, kamar yadda ake yi a gida. Na ga gaskiyarta. Ta soya dubulan da cincin, ta cika roba. Ni kuma na kai littafin wurin mai ɗaure littattafai aka yi masa akwati na musamman, kore, irin wanda yake hana ƙura da haske, domin in nuna wa Baba cewa abinsa ya faɗa hannun da ya san darajarsa.

A cikin kwanakin nan Shirin ta yi shiru. Da ma ta ce za ta aiko mini ranar da zan koma in fara aikin sauran littattafan. Na tura mata saƙo, ba amsa. Na sake turawa, ta amsa da cewa suna tunani. Na ce a raina hidimar tashi ce ta yi musu yawa. Na buga wa dattijon waya kai tsaye na ce ina so in kawo magabatana su gaishe shi ranar Lahadi. Ya ce zuwanmu haske ne a gidansa.

Mutum biyu na ɗauka. Na farko Alhaji Sabo na Abbey Wood, dattijon da muke sawa gaba a neman aure da ta'aziyya, mutumin da idan ya miƙe zai yi jawabi gara ka gyara zama. Yana jin Turanci daidai gwargwado, amma ya ce magana mai nauyi da Hausa ake yinta. Na biyu abokina Dakta Ishaku, mutumin Jos, likita a babban asibitin nan na Camberwell, wanda zai yi mana tafinta, kuma (gaskiya ɗaya ce) motarsa ta fi tawa kyan shiga unguwar masu hali. A hanya Alhaji ne na ba cikakken labari. Dakta yana ta amsa kiran asibiti, abin da ya tsinta kawai shi ne wani ya ba ni littafi.

Mun tarar da falon cike da kwalaye, Shirin da wasu 'yan uwa suna haɗa kaya. Ta gaishe mu da irin gaisuwar da ake yi wa mai karɓar haraji. Idona ya kai kan 'yar kantar nan ta kusa da taga. Komai na falon an taɓa shi, amma gurbin juzu'i biyun yana nan a buɗe, ba a sa komai a ciki ba. Ko wannan bai farkar da ni ba. Na zauna da koren akwatina a cinya ina murmushi kamar ango.

Aka kawo shayi. Alhaji ya gyara babbar rigarsa ya miƙe. Ya fara da gaisuwa, Dakta yana juyawa zuwa Turanci. Ya ce mu baƙi ne a ƙasar nan kamar yadda su ma baƙi ne. Ya ce a zamanin da ɗa yake kai ubansa kotu a kan fili, an samu mutumin da yaronmu ya shiga gidansa rana ɗaya, bai roƙa ba, yabawa kawai ya yi, mutumin nan ya ɗauki gadon mahaifinsa sukutum ya danƙa masa.

A nan muryar Dakta ta fara raguwa. Ya fassara rabin maganar, ya tsaya. Ya juyo wurina, fuskarsa da murmushi saboda masu gida, ya yi ƙasa da murya da Hausa.

“Tsaya, mai littattafai. Yabawa ka yi, ya ce naka ne?”

Na ce e.

“Sau nawa ka ƙi karɓa?”

“Ƙi kamar yaya? Dattijo ne fa.”

Ya rufe ido na ɗan lokaci. Sannan, har yanzu yana murmushin nan, ya gaya mini cewa yana aiki da Iraniyawa a asibiti shekara da shekaru. Idan ka yaba agogon ɗayansu, zai fara kwance shi. A ƙasarsu mai tasi ma yakan ce ka bar kuɗin. Ladabi ne, suna kiransa ta'arof, kuma abin da ake jira daga gare ka shi ne ka ƙi, ka sake ƙi, ka yi ta ƙi har mai abu ya haƙura ya riƙe abinsa cikin mutunci.

“Ka san idan ka tarar da mutum yana cin abinci ya ce maka bismilla?” in ji shi. “To kai ɗauke kwanon ka yi ka tafi da shi gida. Yau kuma ka kawo mu mu gode da miya.”

Abin da ya fi ƙona ni ke nan. Da a ce wata baƙuwar al'ada ce da ba mu da irinta, da na samu inda zan fake. Amma ni ɗin nan sau dubu an ce mini bismilla na ce alhamdu lillahi na wuce. Akwatin da ke cinyata ya yi nauyi kamar buhun siminti. Alhaji kuwa yana tsaye da hannu a sama, ya ce Dakta ya ci gaba da fassara mana, shi bai ma kai tsakiya ba.

Ɗan kasuwa ne ni, don haka abin da ya fara zo mini shi ne dabara: in ce da ma na ɗauka ne kawai don in yi masa akwati. Amma Alhaji ya riga ya rufe wannan ƙofar da jawabi, kuma an fassara isasshe. Sai na miƙe na faɗi gaskiya. Na ce Baba, ban san al'adarku ba. A wurinmu ƙin karɓar kyautar babba raini ne, shi ya sa na karɓa, kuma yanzun nan abokina ya fahimtar da ni abin da na aikata.

Shirin ce ta fara magana, kuma ba ta ɓoye komai ba. Ta ce tun tana yarinya aka yi mata alkawarin littafin nan. Ranar da ta dawo ta ga gurbin, ta ɗauka irin 'yan kasuwar nan ne ni masu lallaɓa tsofaffi idan 'ya'yansu ba sa nan. Ta so ta kira ni ta ce in dawo da shi, mahaifinta ya hana, ya ce maganar da ta fita daga bakinsa ta fita. Kwana da kwanaki ita da mahaifinta ba sa magana sosai. Har ta riga ta tuntuɓi wani gidan gwanjo a kan sauran littattafan. Ina jin haka na san ba kunya kaɗai ke gabana ba. Sunan da na daɗe ina ginawa ne yake lilo.

Na ɗora akwatin a kan teburin shayi na tura shi gaban dattijon. Ya sa yatsu biyu ya turo mini shi, ya ce kyauta ta riga ta bar hannunsa. Na dubi Dakta, ya yi mini alama da gira in ci gaba. Na sake turawa. Ya sake turowa, har da rantsuwa da ran jikokinsa. Yanzu kuma na rasa gane ko da gaske yake ko ladabin ne ya dawo. Ana cikin haka Alhaji ya matsa wa Dakta ya bayyana masa abin da ake ciki. Da ya gane, sai ya juyo kaina rai a ɓace.

“Kai yaro, mayar da kyauta za ka yi? A gabana? To me ka kawo ni yi?”

Ga ni tsakanin dattawa biyu, kowanne da gaskiyarsa, akwati yana kai da komo tsakanin kofunan shayi. A nan ne dai wayon kasuwa ya yi mini rana. Na ja akwatin gabana, na tambayi Aga Bahram ko da gaske littafin nawa ne. Ya ce nawa ne. Na tambaye shi ko ina da ikon yin abin da na ga dama da shi. Ya ce ina da iko. Sai na ɗauka na juya wurin 'yarsa, na miƙa mata hannu bibbiyu, na ce kyauta ce daga gare ni, har da akwatin.

Ta ɗora hannu a ƙirji kamar ubanta, ta fara cewa a'a, ba za ta iya ba, bai kamata ba. Sai ta tsaya a tsakiyar maganar, ta dubi littafin, ta dubi mahaifinta, ta fizge akwatin ta rungume.

“Ni a Landan aka haife ni,” in ji ta.

Dattijon ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya share ido. Da ya samu numfashi ya gaya mini cewa shi kansa Baturen da ya rubuta littafin ya yi ƙorafi a kan wannan ɗabi'a a juzu'i na biyu, ko ban kai wurin ba? Na ce masa Baba, mu zane muke ƙirgawa mu duba taswira, karatu na mai saye ne. Alhaji ya ce shi dai bai ga an mayar da kyauta ba, saboda haka zai ƙarasa jawabinsa, kuma ya ƙarasa shi, sai dai Dakta ya taƙaita fassarar ƙwarai. Aka buɗe robar dubulan. Aga Bahram ya ƙi ɗauka sau uku, na huɗu ya ci biyar.

Da za mu fita, Alhaji ya tsaya a kan dardumar bakin ƙofa yana sa takalmi, ya shafa ta da tafin ƙafa, ya ce da Turancinsa kai, wannan darduma akwai kyau. Na ga hannun dattijon ya kama hanyar ƙirji. Shirin ta riƙe hannun, ni na riƙe na Alhaji, muka fita da shi takalmi ɗaya a hannu.

Aikin littattafan ni aka ba. Shirin ta ce mutumin da zai tara jama'a ya zo godiyar abin da ya ɗauka, ko ba komai ba ɓarawo ba ne. Na karɓi wannan a matsayin yabo, don ban ga wani a kusa ba. Har yanzu nakan leƙa Aga Bahram a sabon gidansa mu sha shayi, kuma ina shiga yake cewa in zauna in yi shiru, kada in yaba komai, kayan sun ragu.

Abin da na koya bai da yawa, amma ya zauna. Idan mutum ya ce mini “naka ne”, nakan sa hannuwana a aljihu tukuna, in tambayi garin da aka haifi ubansa.